Zinariya Mai Bargon Ƙyallaye

Idan gari ya waye a Unguwar Dalhatu, ɗan ƙauyen nan na gefen Rawayau, sauran mata murhu suke fara nema. Gwaggo Zinariya haske take fara nema. Takan share ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma daidai inda rana za ta fara sauka, ta jawo wani tsohon kwando da ta rufe da faifai, ta zauna ta miƙe ƙafa. Babu abin da ɓarawo zai waiwaya a cikin kwandon nan. Ƙyallaye ne zalla, guntayen atamfa da saƙi da akoko da alawayyo, wani kamar tafin hannu, wani bai fi kunnen akuya ba. Sai ta zube su a cinya ta yi ta jujjuyawa, tana kara wannan kusa da wancan tana taɓe baki, kamar mai nema wa 'ya'yanta mazan aure. Kokon safe yakan huce a gefenta har ƙuda ya gaji da shi.

Bargo take yi da su. Takan haɗa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya har su zama fuska guda, ta shimfiɗa tsohon gwado a ƙasa, ta baza audugar da ta gurje ta shiɓa a tsakiya, ta rufa fuskar a kai, sannan ta bi duka ukun da allura, layi bayan layi, tazarar yatsa biyu, don kada audugar ta tattaru gefe guda. Bargo ɗaya yakan ci wata uku. Shekara arba'in ke nan tana wannan aiki, tun da aka kawo ta aure daga Makera. Bana, 1967, har yanzu ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba. A 'yan shekarun nan kuwa na ga an yi wa mutane tafi don sun yanke zare da almakashi a bakin rijiyar da wasu suka haƙa. Ya kamata a rubuta sunan wadda ta haɗa abu, ko sau ɗaya ne.

Na san masu wannan cuta ta ɗinki ciki da waje, don na zauna da ɗaya daga cikinsu shekara ashirin da shida. Marigayiya Rekiya, matata, a wurin Gwaggo Zinariya ta ɗauko ta. Ga yadda ake gane su.

In kuna gaisawa, wuyan rigarka suke kallo. Baki na cewa "ina gajiya", yatsu biyu kuwa sun riga sun kama bakin hannun rigarka suna murzawa. An taɓa ganin Gwaggo Zinariya a gidan makoki tana kuka na gaskiya, hawaye shaɓe-shaɓe, hannunta kuma yana juya gefen zanen wadda ke kusa da ita don ta ga ɗinkin ciki. Ba sa riƙe sunan mutum. Ka ce mata Rabi ta haihu, sai ta ce, "Wace Rabi?" Ka kawo sunan uban Rabi da na mijinta, a banza. Sai wani ya ce, "Mai saƙin nan da ya koɗe a gwiwa," sannan ta ce, "Af, Allah shi raya!" Haƙorinsu na gaba yana da ɗan gurbi, wurin tsinke zare. Allura kuwa ko'ina ma'ajinta ne: a kallabi, a jikin bango, a matashi. Sau uku na zauna a kan allura a zaman aurena, zaren da na ci a miyar kuka kuma ya isa a yi wa jaki linzami.

Ka taɓa tukunyarsu, ka taɓa akuyarsu, amma kada ka taɓa almakashinsu. Mijin Gwaggo Zinariya, Allah ya jiƙansa, ya taɓa gyara gemu da nata. Gemun ya sake tsirowa, ya yi furfura, maganar ba ta mutu ba. Ƙarya ɗaya tak na san suna yi, ita ce "saura layi ɗaya". Da wannan layin tuwo ke ƙonewa, da shi la'asar ke shigewa. Ba sa gama bargo ɗaya sai sun fara uku.

Babbar alamar kuwa ita ce ba sa iya ganin ƙyalle a ƙasa su wuce. Jikinsu ke sunkuyawa tun kafin hankali ya iso wurin.

Ranar kasuwar Kurfi, rumfar teloli take fara nufa. Rabe tela na hango ta sai ya tsayar da keke ya ɗaga murya.

"Jama'a a ɗaga ƙafa, ga duba-gari ta iso!"

"Ɗaga taka dai, ɗan nema. Mi kake takewa nan?"

"Haba Gwaggo, wannan ai ko ɓera ba ya yi sheƙa da shi ba."

"Ɓera bai iya ɗinki ba. Kai ma haka. Dubi wuyan rigar da ka kafa, kamar an shaƙe mai ita."

Ta kwashe abin da ke ƙarƙashin keken tas, ta ƙulle a gefen zane, ta yi gaba. Sauran kuma mutane ke ba ta: ragowar zanen suna, tsohuwar taguwa, gefen wandon da ya gaji.

Inda bargunan ke zuwa, mutanen ƙasar nan sun sani. Ɗakin maijego da ta haihu cikin ɗari. Ɗakin tsohon da 'ya'yansa suka tafi Kurmi neman arziki suka manta hanya. Hawwa'u matar Yero, ta rugar da ke bayan rafi, har yau tana ba da labarin shekarar da ta haifi tagwaye bakwaini ana tsananin sanyi. Ta ce hantsi bai ɗaga ba sai ga Zinariya da bargo a kai, ba a ko gama kalmashe bakinsa ba, allura na reto a jiki. Ta lulluɓe jariran, ta zauna a gefe ta ƙarasa ɗinkin suna ciki. Su biyun yanzu shanu suke kora. Hawwa'u ce ta yi mata kirarin da ya bi ta: Zinariya mai allura, ɗari ya gan ki ya koma.

Wannan ita ce matar da muka tashi kora daga gari a kakar 1958.

Audi falke ne, mai jakuna, yana kai gero Kano ya dawo da gishiri da kanwa. A tafiyar shekarar nan ya dawo da sabuwar riga kore, irin mai rinin baba, baƙa wuluk mai sheƙi, ya sa ta zuwa wani suna. Wajen fitowa ƙayar shinge ta kama gefen rigar ta yage ɗan siriri, bai fi yatsa uku ba. Audi ya yi tsaki ya wuce. Gwaggo Zinariya na bayansa. Ta ga baƙin ƙyalle na rawa a jikin ƙaya, hannunta ya kai, ta cire ta soke a gefen zane. Ba ta kira shi ta tambaya ba. Ba ta ma san ta yi wani abu ba. Turai matar Audi tana tsaye a bakin ƙofa, ta gani.

Bayan kwana tara Audi na ɗaura wa jaki kaya ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da yamma Turai ta tuna abin da ta gani, ta faɗa wa Ya'u ƙanen mijinta. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake cewa game da wanda ya ɗauki guntun tufar mutum bai tambaya ba: da shi ake yin sammu.

Kafin kwana biyu kowane gida ya tuna cewa akwai guntun tufarsa a cikin kwandon nan. Na miji, na mata, na jariri. Gari guda a cikin kwandon tsohuwa ɗaya! Wata da aka lulluɓe ɗanta da bargon Zinariya har ya yi ƙafa ta ɗauko bargon da sanda ta jefar a juji. Wata ta cinna wa nata wuta. Matan da ke zuwa zaman ɗinki suka ɗauke ƙafa. Ni da na karanta a littafi yadda jini ke toshewa a kai ya shanye ɓarin mutum, na hana Rekiya zuwa. Ban yarda da zancen sammun ba ko kaɗan. Bakin mutane na ji tsoro, wannan kuwa ya fi muni.

Aka taru a zauren mai unguwa Mahmuda, mutumin da bai taɓa son ɓata wa wanda ke gabansa rai ba, saboda haka kullum na bayansa ke shan wuya. Gwaggo Zinariya ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya'u ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, magana ba ta da tsawo. A ƙone kwandon, ta bar mana gari. Yau Audi ne, gobe wa?"

Mahmuda ya dube ta. "Gwaggo, kin ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Kin tambaye shi?"

"Ban tambaya ba. Nan na yi kuskure, na kuma yarda. Sauran abin da suke hwaɗi, Allah na gani."

"To mi za ki yi da shi?"

"Kusurwa," in ji ta. "Akwai wani ja da ke neman baƙi kusa da shi tun bara."

Gaskiya ta faɗa tsirara, ita ce kuma ta ƙara kashe ta. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce kun ji ko, ja da baƙi.

Mahmuda ya shafa gemu, ya nemo hukuncin da zai sa ta tafi da kanta ba tare da an ce shi ya kore ta ba. Ya ce saura kwana goma sha shida wata ya tsaya. Kafin nan ta mayar wa kowa guntun tufarsa, hannu da hannu, mai shi kuma ya shaida nasa ne. Na teloli ta kai wa teloli. In wata ya tsaya aka ishe ko ƙyalle ɗaya na wani a hannunta, ta tattara ta koma Makera wurin danginta.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Za ki iya? In ba ki iyawa, ba kunya ba ce mutum shi koma cikin dangi."

"Ni na haɗa su, ranka shi daɗe. Na san inda kowa ya fito."

A Makera babu wanda ya rage mata sai 'ya'yan ƙanne da ba su san fuskarta ba. A Unguwar Dalhatu kuwa kabarin mijinta yake, da na 'ya'yanta uku, da ƙofar nan da rana ke fara sauka. Ta koma ɗaki ta dubi abin da ke gabanta: kwando cike, da barguna uku da ba a gama ba. Babban cikinsu layi biyu ya rage masa, wannan karon kuwa da gaske.

Da almakashi da yini ɗaya ya isa. Ta ɗauke shi, ta auna, ta ajiye. Almakashi zai ci gefen kowane ƙyalle, mai shi ya ce ba haka ya bayar ba, zaren kuma ya tafi a banza. Ta zare allura daga kallabi ta fara farkewa ɗinki ɗai-ɗai, tana jawo zaren a hankali tana naɗe shi a karan dawa. Ba ta yi kuka ba. Haushi ta ji, na irin ƙarfin ɗinkinta. Shekara talatin tana alfahari da cewa ba a taɓa dawo mata da bargo don ya ɓarke ba, yau ga shi nan ya tsaya mata a maƙogwaro. Kwana shida ta yi tana warware abin da ta shekara tana haɗawa. Yatsunta suka tsage, ta shafa man shanu ta ci gaba. Ta ware ƙyallayen gida-gida a kan tabarma, ta danne kowane kashi da tsakuwa. Sun haura ɗari shida.

Na teloli ta fara kaiwa. Rabe ya ga ƙullin, ya ga fuskarta, duba-garin ya maƙale masa a baki.

"Gwaggo, don Allah mi zan yi da wannan?"

"Ba ɓera ka ce ba? Ba shi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya zuba a buhu, ya tura ƙarƙashin keke, ya ce ajiya ce.

Sannan ta shiga gari. Kullum da hantsi a gan ta da faifai a kai, tana sallama ƙofa-ƙofa. Wata matar ta leƙo ta ce ta ajiye a ƙasa.

"A'a, ɗiyata. Hannu da hannu mai unguwa ya ce. Miƙo. Wanga na zanen da kika zo gari da shi ne. Wanga na taguwar mijinki, wadda akuya ta ci aljihunta. Wanga kuma majanyin da kika goya Rahmatu da shi."

Rahmatu ta rasu tana shekara biyu, an daɗe ba a kira sunanta a gidan ba. Matar ta dubi ɗan ƙyallen, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Gwaggo Zinariya ta jira ta shaida, ta ɗauki faifanta ta wuce gida na gaba.

Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Akwai wanda ya yi gardama, ta ce ya shiga ya ɗauko tsohon wandonsa ya juya ƙafar hagu, aka kara guntun ya zauna daram. Mai unguwa Mahmuda kansa ta ishe shi cikin fadawansa ta miƙa masa guda huɗu. Na ƙarshen wani saƙi ne da ya koɗe.

"Wanga ba nawa ba ne, Gwaggo."

"Na Inna ne, mahaifiyarka. Ita ta ba ni da hannunta, watan da za ta rasu. Ta ce in sa shi inda zai ɗumama wani. Tun da ba ta nan, kai ne magaji."

Mahmuda ya karɓa, ya rasa inda zai sa shi, ya cusa a hula.

Ta zo gidanmu rana ta goma sha ɗaya. Rekiya ta ɓoye hannuwanta a baya.

"Gwaggo, ni na ba ki. Wallahi ba ni karɓa."

"In ba ki karɓa ba, Rekiya, ke kika kore ni."

Rekiya ta tsaya tana hawaye. Ni na miƙa hannu na karɓa, guda bakwai. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Na gode, Malam, ka rage mini hanya." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana gobe wata zai tsaya, faifan ya koma ƙyalle ɗaya. Ta bar gidan Audi ƙarshe da gangan. Turai ta tare ƙofa.

"Mi kika zo ƙarasawa?"

"Kayansa na kawo masa. Kauce, ko ki je ki gaya wa mai unguwa ke kika hana."

Turai ta kauce. Audi na kwance a kan tabarmar kaba, ya rame, ido ɗaya na zubar da ruwa. Gwaggo Zinariya ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa baƙin ƙyallen a hannunsa na hagu, mai rai. Da nan ta tashi ta fita, da shi ke nan, ta tsira. Amma idon nan nata da ba ya tsayawa a fuska ya riga ya sauka a kan shimfiɗa. Ta shafa tabarmar, ta murza gefenta.

"A kan wannan yake kwana tun da ya faɗi?"

"A kan mi zai kwanta?" in ji Turai.

"Juya mini shi."

Turai ta juya shi. Kaba ta ci kwankwasonsa da kafaɗa, fatar ta saɓule, wuri ɗaya ya fara ruwa.

"Kafin damina wannan ya zama rami," in ji tsohuwar. "Shimfiɗa yake so mai auduga ninki biyu, ɗinki ƙanana don kada ta yi ƙulli ta danne shi." Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Audi, ɗana, rannan na ɗauki abinka ban tambaya ba. Ka yafe ni. Yau ina tambaya. Ka ba ni shi in sa maka a shimfiɗa?"

Bakin Audi ya yi ta motsi, ba abin da ya fito sai miyau. Sai hannun hagun ya ja jiki a kan tabarma, a hankali, har ya kai gabanta, ya buɗe.

Ta san abin da ɗaukar ƙyallen nan ke nufi. Mutumin da ya ba ta ba ya magana, shaidarta ɗaya kuma ita ce matar da ta fara kai ƙararta. Ta ɗauka ta soke a gefen zane.

Washegari zaure ya cika har waje, mata sun jeru a bayan zana. Ta kife kwandon a gaban mai unguwa, ta buga gindinsa, ko zare bai faɗo ba. Ta ajiye karan dawa goma sha biyu naɗe da zare, ta ce wannan nata ne, ita ta kaɗa. Mahmuda ya tambaya ko akwai wanda bai karɓi nasa ba. Babu ko ɗaya. Ya buɗe baki zai rufe magana, sai ta kwance gefen zane ta ɗora baƙin ƙyallen a kan kwandon.

"Saura wanga. Na Audi ne. Yana wurina, kuma ba ni mayarwa."

Ya'u ya zabura. "Kun gani! Duk ta mayar, na wanda ta kama ta riƙe!"

"Shi ya ba ni."

"Da wane bakin? Mutumin da ko ruwa bai iya roƙo?"

Zaure ya kaure. Mahmuda ya dubi hagu ya dubi dama yana neman inda rinjaye yake. Gwaggo Zinariya ba ta waiwaya wajen mata ba. Tana durƙushe, bayanta a miƙe.

Daga bayan zana wata murya ta fito.

"Shi ya ba ta. A gabana."

"Turai!" in ji Ya'u. "Kin san mi kike hwaɗi?"

"Na sani. Ni ke juya shi safe da yamma, Ya'u. Kai sau nawa ka ga bayansa? Ta tambaya, ya miƙa mata. In ƙarya nake, Allah shi kwantar da ni inda yake."

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "To, magana ta mutu. Allah shi kiyaye gaba." Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Cikin ɗan lokaci zauren ya zama wayam, kamar an ga hadari.

Ta koma ɗaki ba ta da ƙyallen kowa sai ɗaya. Ta yanka zannuwanta biyu da tsohuwar rigar mijinta, Rabe ya aiko da buhun ajiyarsa a kan jaki, ta zauna. Mako biyar ta gama shimfiɗar Audi, ta sa baƙin ƙyallen a kusurwar da hannunsa na hagu ke sauka. Audi bai warke ba, bai sake magana ba. Amma ya yi shekara shida a kan shimfiɗar nan, waɗanda suka yi masa wanka kuma sun shaida babu gyambo ko ɗaya a bayansa.

Ƙyallaye suka fara dawowa, irin dawowar marasa kunya da ke jin kunya. A wayi gari a ga ƙulli a bakin ƙofarta, ba a san mai shi ba. Ta san mai shi sarai, sai ta ɗauka ta kai masa har gida. Tun daga shekarar nan ta kafa doka: ba ta karɓar ƙyalle sai wanda mai shi ya kawo da hannunsa, rana tsaka, ya ce "na ba ki". Har yau in ta ga guntu a kan hanya jikinta yakan sunkuya, sai ta tsaya a haka, rabi a duƙe, ta ɗaga murya, "Na wa ne?" Mutane sukan yi dariya. Ban ga abin dariya ba.

Shekara tara ke nan. Cikin dukanmu da muka karɓi ƙyalle, da wadda ta jefar a juji, da wadda ta ƙone, da mai unguwa da hularsa, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mata ki yi haƙuri. Mun iya gaisuwa mai tsawo, mun iya aika tuwon sallah. Kalma ukun nan ce ta fi ƙarfinmu. Rekiya kaɗai ba ta da abin roƙo, ita kuwa Allah ya ɗauke ta ya bar mu.

Yanzu yanar ido ta fara rufe wa tsohuwar gani. Ta ce in ta gama bargon da ke cinyarta za ta ajiye allura, ko da yake an ce an ga ta fara wasu biyu.

Gwaggo Zinariya, ke ce kika ɗumama 'ya'yanmu da abin da muka zubar. Ke ce aka ce ki warware aikinki da hannunki, kika warware ba ki tsinke zare ba. Ke ce kika riga kika tsira, kika koma ciki saboda bayan mutumin da aka ce kin yi wa sammu. Mun gode. Allah ya saka miki, ya bar miki hasken da zai ishe ki layin ƙarshe.

'Yan matan Rawayau da Kurfi da Dutsin-Ma, ku je ku zauna gabanta tun tana gani. Ku koyi allurar, ku koyi taurin kan, ku kuma koyi tambaya kafin ɗauka, don ita da tsada ta koya.

Mu kuwa manya, namu daban ne. Gwaggo, mun yi miki ƙage, mun kuma san ƙage ne tun kafin wata ya tsaya. Ki yafe mana. Na rubuta a takarda don kada wani ya ce bai ji ba. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo ƙofar ɗakinki in faɗa da baki, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Duk wanda ya san ya miƙa hannu a waccan shekara ya san hanya, ba sai na kira suna ba. In kuma ta kai sai na kira, ina da su duka.